Dosiyen Gonakin Bakin Kogi

Ni planto ne. Aikina a biro shi ne in buɗe ƙofa da safe, in yi shara, in kai wasiƙa inda aka aike ni, in dafa shayi idan an yi baƙi. Karatuna ya tsaya a aji shida, na karɓi sartifika na koma rumfar mahaifina ina auna tattasai. Ban faɗi wannan don neman uzuri ba. Abin da na yi, ko wanda bai taɓa shiga ajin lakwal ba yana iya gyara shi, da ya buɗe baki da wuri.

Biron namu na wata ƙaramar ƙungiyar manoman tattasai ne, ɗaki biyu da rumfa a cikin garin Diffa. A shekarun da mutanen bakin kogin Komadugu suka tashi daga garuruwansu suka kafa bukkoki a gefen kwalta, can wajen Gagamari, shugabannin ƙungiyar suka fara tsoron wani abu da ni bai taɓa zuwa raina ba. Gonakin fadama ba su da takarda. Iyakar kowace gona tana cikin kan tsofaffi: daga goruba kaza zuwa tsohuwar hanyar ruwa, daga nan zuwa inda ƙasa ta fara baƙi. Tsofaffin kuwa zaman bukka yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Sai aka yanke shawara a zauna da bulaman kowane gari, wato mai garin, a rubuta abin da ya sani gida-gida, domin ranar da za a koma.

An ɗauko wani malami ya tsara aikin a kwamfuta. Daga Borno ya tsallako, ya yi zama a sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage kafin ya samu ɗaki a gari. Mutum ne mai dariya da yawa, yana kirana Oga Planto. Wata safiya ina shara a bayansa ina satar kallon abin da yake yi, sai ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Oga Planto, tsintsiyar nan ta share wuri ɗaya sau huɗu. Zo ka zauna kafin ka huda mana siminti."

Na ce, "Malam, hannuna da datti."

Ya ce, "Ita ma kwamfutar ba alwala gare ta ba. Zauna."

Ranar ya nuna mini abu biyu da duk aikin ya tsaya a kansu. Fishiye shi ne takardar da ake rubutu a ciki. Dosiye shi ne jakar da ake zuba takardun. Ana iya sa jaka cikin jaka. Mu abin da muke so shi ne kowane gari ya samu dosiyensa, kowane gida kuma ya samu fishiyensa a ciki, da sunan mai gidan a kai. Ya buɗe wata baƙar taga inda babu hoto sai rubutu, ya ce in buga mkdir, in bar fili, in rubuta sunan garin mahaifiyata. Na buga da yatsa ɗaya. Ya buɗe wata tagar, sai ga jaka rawaya da sunan garin. Na daɗe ina kallonta. Na tambaye shi ko ban ɓata wani abu ba. Ya ce tukuna.

Amma gidajen sun fi ɗari biyu, ba mai zama ya yi su ɗaya-ɗaya. Don haka ya rubuta porogaram, wato jerin umarni da kwamfuta za ta bi ita kaɗai. Ya ce umarnin ana rubuta shi da harsuna daban-daban, kamar yadda a kasuwarmu za ka nemi gishiri da Hausa ko Barbarci ko Fillanci kuma gishirin dai za a ba ka. Ya nuna mini yadda ake ƙirƙirar dosiye a wani harshe da ake kira PHP, da wani da ake kira C, ya ce wannan na biyun na masu son wahala ne. Shi Java ya fi iyawa, da ita ya rubuta namu. Kowane gari yana da jerin sunayen gidajensa. Porogaram ɗin ya karanta jerin, ya yi dosiyen garin, sannan ya yi wa kowane suna fishiye fari fat, yana jiran rubutu.

Ni mutum ne mai tambayar "idan fa". Matata tana cewa ko ruwa aka ba ni sai na tambayi abin da zai faru idan kofin ya faɗi. Don haka na ce:

"Malam, idan mutum ya manta ya kunna shi sau biyu fa?"

"Kunna shi sau ɗari. Java idan ta zo yin fishiye ta tarar akwai shi, ba ta taɓa shi, wucewa take."

"Ko da an yi rubutu a ciki?"

"Oga, kai da za a ba ka aljanna sai ka tambayi inda ƙofar fita take."

Ya gwada a gabana. Ya rubuta sunana cikin wani fishiye, ya kunna porogaram sau uku, ya buɗe, sunana yana nan. Daga nan ya zama hanyar aikinmu: idan wani gida ya zo a makare, sai a ƙara sunansa a ƙasan jerin, a sake kunnawa, sabon ya fito, tsofaffin suna nan yadda suke. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta duk abin da ya koya mini. A shafin ranar na rubuta: "Kunnawa sau biyu ba ta ɓata kome." Na ja layi a ƙasa. Ban rubuta kalmar Java a gaban maganar ba. Littafin yana nan, na duba shafin ba sau ɗaya ba.

Malam ba ya jin Barbarci sai na cefane, ni kuwa mahaifiyata Babarbariya ce. Shi ya sa aka fara tafiya da ni wajen bukkokin a matsayin tafinta, daga baya kuma, da hannuna ya saba, ni nake buga rubutun da kaina da Hausa. Ba ma tafiya da littafi, don shugabanni sun ce kada a riƙa yawo da takarda cike da sunayen mutane a hanya mai shingen bincike. Kai tsaye muke bugawa a kwamfutar hannu.

Gari na huɗu da muka yi, bulamansu tsoho ne ƙwarai, idonsa ɗaya ya mutu, amma gonakin garinsa arba'in da uku suna kansa kamar yana tsaye a cikinsu. Malam ya so ya ɗauki muryarsa a waya, ya ƙi. Ya ce muryarsa ba za ta shiga aljihun kowa ba, wanda yake son magana ya zauna ya ji. Kwana uku muka yi a ƙarƙashin rumfarsa ta zana.

A rana ta biyu wata dattijuwa ta zo ta zauna dab da tabarmar maza, ba ta jira an kira ta ba. Mijinta ya rasu a shekarar gudu, ƴaƴanta maza ba wanda yake kusa, gonar ce kawai ta rage mata. Ina kiranta Iya, kamar kowa. Akwai wasa tsakaninta da Bulama, don kakanninsu taubasai ne.

Bulama ya ce, "Ga sarauniyar tattasai ta zo ta koya mini aikina."

Ta ce, "Na zo in ji ko idon da ya rage yana gani. Kada ka ba wa wani gonata ka ce duhu ne."

"Gonarki wa zai karɓa? Ƙasar ma masifa gare ta, irin ta mai ita."

Abin da ya sa ta damu na gane shi daga baya. Gonarta tana maƙwabtaka da ta ɗan baffan mijinta, kuma tsakaninsu akwai wani ɗan zirin ƙasa a bakin ruwa inda ake kafa injin ban-ruwa. Wanda yake da wurin, shi yake da ruwa a lokacin da yake so. Tattasai kuwa ba ya jiran mutum.

A nan Bulama ya faɗi iyakar. Da zan iya rubuta ta a nan, da babu dalilin wannan rubutu. Na san ya yi magana mai tsawo, na san na buga, na san na karanta masa sau biyu ina mayarwa da Barbarci, har ya ce wa Malam, "Wannan mutumin naku zai sa in manta abin da na sani." Na tuna Iya ta leƙo tana kallon gilashin kwamfutar da ba ta iya karantawa.

Ta ce, "Ya shiga?"

Na ce, "Ya shiga, Iya."

"Ba zai fita ba?"

"Ba zai fita ba. Kowace Alhamis ma ina kwafe shi a kile, wuri biyu yake zama."

Na nuna mata kilen, ɗan abin nan kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta. Ta juya shi a hannunta, ta mayar mini, ta ce, "To, na sauke." Ta tashi ta kaɗe zaninta ta tafi.

Bayan wasu watanni Malam ya koma ƙasarsu, don an ce garinsu ya lafa. Tsohuwar kwamfutar ta fara mutuwa da kanta, aka sayo wata, aka kwashe kome aka zuba a ciki kafin tsohuwar ta mutu gaba ɗaya. Aka ɗauko wata matashiya ƴar Damagaram da take zuwa Talata da Laraba kawai, don tana da wani aikin. Ina ce mata Madam, tana ce mini Tonton, wato kawu. Porogaram ɗin Malam ya ƙi tashi a sabuwar kwamfutar, ta ce sai an sa Java, kuma ba ta ga amfanin wahalar ba. Da za a fara garuruwan wajen Bosso, ta zauna ta rubuta nata da Python, layi goma sha biyu, kafin shayina ya tafasa.

Ta ce, "Ka gani, Tonton? Abin da malaminka ya yi shafi guda."

Na ji haushi kaɗan a madadinsa, amma na kwafe layukan a littafina harafi-harafi. Ta kunna shi sau ɗaya, sababbin garuruwa suka samu dosiyoyinsu da fishiyoyinsu. Ban yi mata tambayar da na yi wa Malam ba. Ni da nake tambayar kome, ranar ban tambaya ba, don a ganina amsar tana cikin littafina da layi a ƙasanta.

Wata Alhamis da safe mutum biyu na garin Bulama suka zo biro. Lokacin da muka yi rubutun, su suna can wajen tafki suna neman abinci, yanzu sun dawo suna so a sa su. Na ƙara sunayensu a ƙasan jerin garin, kamar kullum. Madam ba ta nan sai Talata. Ina iya jiranta. Amma tunanin cewa akwai gida biyu da ba su da fishiye ya hana ni sakat, kamar tsakuwa a takalmi. Na buɗe porogaram ɗinta, na nuna masa jerin garin Bulama, na kunna.

Ya tsaya. Jan rubutu ya fito. Turanci ne, amma akwai kalma ɗaya da ta yi kama da ta Faransanci, na gane yana cewa dosiyen garin yana nan tun da. Python haka take, idan ka ce ta yi dosiyen da yake akwai sai ta tsaya ta yi gardama. Na taɓa ganin Madam ta gamu da irin wannan a wani aikin, ta ƙara ƴan kalmomi a cikin baka, exist_ok=True, ma'ana idan akwai shi ba laifi, wuce. Suna cikin littafina. Na ƙara su. Na sake kunnawa. Ya gama shiru, ko ƙiftawar ido bai kai ba.

Har yau idan na tuna jin daɗin da na yi a wannan minti, kunya takan kama ni. Na gyara porogaram ni kaɗai. Abin ya tsaya ya yi mini gargaɗi, ni kuma na rufe masa baki ina murna.

Na ƙirga fishiyoyin, arba'in da biyar, daidai. Na sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama. Da yake Alhamis ce, na soka kile na kwafe. Kwamfuta ta tambaya ko a maye gurbin na da, na ce a maye duka, kamar kowane mako. Na ƙirga na kilen ma. Sau uku na ƙirga sunaye ranar, ban buɗe ko ɗaya ba.

Ranar Litinin na buɗe fishiyen wani gida don in gyara sunan da na rubuta ba daidai ba. Fari. Na ɗauka kwamfutar ce take jan ƙafa, na jira. Na buɗe na gaba, fari. Na buɗe na Iya. Sannan na lura da layin da ke gefe inda ake nuna nauyin kowane fishiye: sifiri, sifiri, sifiri, har ƙasa. Na soka kile. Haka nan. Sunaye duk suna nan a jere, tsaf, ba wanda ya ɓace, amma ciki babu ko harafi.

Zuwa nan kuskure ne, kuma kuskure kowa yana yi. Abin da ya biyo baya shi ne nawa.

Washegari Madam ta zo. Na kawo mata shayi, ta ce, "Tonton, lafiya? Fuskarka kamar an ce maka kogi ya ƙafe." Na ce kaina ne yake ciwo. Na ce a raina bari in fara gwadawa da kaina, kada in tayar da hankalin mutane a banza. Gaskiyar ita ce ina tsoro. Shekara biyu ke nan manoma suna shigowa biro suna ce mini malam, ina tsoron ranar da za a ce planto ya koma ga tsintsiyarsa, dama an faɗa. Na yi ta buɗe dosiyoyi ina rufewa, ina kwafe wannan in kai can, ina neman inda rubutun ya ɓuya. Na gwada rubuta abin da na tuna, in yi layi biyar sai shakka ta kama ni, ko wannan gorubar ta gidan wane ce, sai in goge. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Daga biro zuwa rumfar Bulama kuwa mota ba ta cika awa ɗaya.

A mako na biyu na gamu da Iya ranar kasuwa, tana sayar da kuɓewa busasshiya a faranti. Na so in kauce, ta riga ta gan ni.

Ta ce, "Ɗana na biro, ka daina zuwa. Ko mun tsufa da yawa?"

Na durƙusa na gaishe ta. Na tambayi Bulama. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura, ba ya fita rumfa, amma bakin yana nan, jiya ma ya ce mata mayya.

Sannan ta ce, "Gonata tana nan cikin akwatinku?"

Na ce, "Sunanki yana nan, Iya."

Na zaɓi maganar da ba ƙarya ba ce, na tafi ina lallashin kaina da haka. Ta faɗa mini da bakinta cewa tsohon ba shi da lafiya. Ko a ranar na hau mota na je na durƙusa na ce Baba, na ɓata, a sake, da kwana uku sun isa. Na koma biro na ci gaba da bincike.

Bulama ya rasu a ƙarshen mako na uku. Na bi shugabanni zuwa gaisuwa. Muna zaune a rumfar nan tasa, wani dattijo ya ce Allah ya sa an rubuta kome kafin ya tafi, mutane suka amsa, wasu suka juyo suna kallona da godiya. Na sunkuyar da kai. Suka ɗauka kuka nake yi don tsohon.

Talatar da ta biyo na faɗa wa Madam. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe porogaram ɗinta, ta sa yatsa a kan layi na tara. Ta ce a Python idan za a yi fishiye ana faɗa mata yadda za ta buɗe shi. Ita ta sa harafin w, wanda yake yin sabo idan babu, idan kuma akwai sai ya wanke shi tas ya bar shi fari. Da ta sa x, da ya ƙi taɓa wanda yake akwai. Da ta sa a, da ya bar rubutun yadda yake. Ta ce ta rubuta shi ne don a kunna sau ɗaya a wurin da babu kome, ba ta kawo wani zai mayar da shi kan tsohon aiki ba.

Ta ce, "Rabin laifin nawa ne, ban gaya maka ba. Yaushe abin ya faru? Jiya?"

Na faɗa mata.

Ta ɗauke yatsanta daga kan layin. Sannan ta ce, "Tonton, da ranar ka kashe kwamfutar kawai ka kira ni. Rubutu idan an goge shi ba ya tafiya nan take, yana kwance a ƙasa sai an rubuta wani a kansa. Kai kuma mako uku kana rubutu a kansa."

Ta yi kwana biyu tana tono da wasu kayan aikinta, a kwamfutar da a kilen. Ta samo gutsattsarin gida tara. Na Iya ba ya ciki.

Ba a kore ni ba. Shugaban ƙungiya ya ce ni na ɓata, ni zan koma in tattara abin da ya rage. Na koma bukkokin na tsaya gaban mutanen garin na faɗi abin da na yi, har da makonni ukun. Muka zauna da sauran dattawa, kowane gida da maƙwabcinsa, aka sake rubutawa. Yawancinsu bakinsu ya zo ɗaya. Uku suka saɓa, biyu aka sasanta. Na Iya da ɗan baffan mijinta aka ce a bari sai an koma an ga ƙasa da ido.

Da aka koma garin bayan shekaru, aka kira ni. Na tsaya a gonar da na taɓa rubutawa ban taɓa gani ba. Gorubobin an sare su, sai kututture nan da can. Ambaliya ta cike tsohuwar hanyar ruwa da yashi, kowa yana nuna inda yake ganin ta bi. Ɗan Bulama, wanda ya gaji mahaifinsa, shi yake sauraro. Maƙwabcin ya ce iyakar ta bi hanyar ruwa a kwance, bakin kogin nasa ne, marigayi mijin Iya aron wurin inji yake yi a hannun mahaifinsa. Iya ta ce iyakar ta sauko daga goruba ta miƙe har cikin ruwa. Ban ga alamar mutumin yana ƙarya da gangan ba. Yana yaro lokacin da iyayen suka yi maganarsu, abin da ya ji a gidansu yake faɗa.

Ɗan Bulama ya juyo ya ce, "Malam, kai ka zauna da Baba, kai ka rubuta. Me ya ce?"

Na ce na tuna akwai goruba a ciki.

Wani ya ce, "Wace gona ce a nan babu goruba a ciki?" Aka ɗan yi dariya.

Aka ce idan na tuna cewa tsohon ya ba Iya bakin ruwa, in dafa Alƙur'ani, magana ta ƙare. Iya tana kallona. Ba roƙo a idonta, jira kawai. Zuciyata tana gaya mini ita ce da gaskiya, don wanda ba shi da gaskiya ba ya zuwa ya zauna gaban Bulama yana tsokanarsa. Amma ba abin da zuciyata take gani aka tambaye ni ba. Gonaki arba'in da uku na buga cikin kwana uku, sun cakuɗe a kaina. Na ce ba zan iya dafawa ba.

Maƙwabcin ya kawo mutum ɗaya da ya goyi bayansa, ita ba ta da kowa. Aka bar masa bakin ruwa, da sharaɗin ya bar ta ta ratsa da tiyonta ta gonarsa ta haɗa a injinsa idan ya gama ban-ruwa. Yana cika sharaɗin. Sai dai shi yana gamawa ne rana ta take, lokacin da bai kamata a ba tattasai ruwa ba, kuma ranar da injinsa ya lalace ko ya yi tafiya, ita ma ta rasa ruwa.

Bara, ina wanke kofunan shayi a bayan biro, wata magana ta faɗo mini da Barbarci, da muryar tsohon, har da tarin da yake yi a tsakiyar zance: gonar nan ƙafarta a cikin ruwa take. Na ajiye kofin. Na yi kwana huɗu ina juya ta. Ranar Lahadi na hau mota na tafi garin.

Na same ta a gona tana tsinke tattasan da ya ƙone a jikin itace tana zubarwa. Na gaishe ta, na faɗa mata maganar.

Ta ce, "Haka yake magana kam. Gonata ya faɗa wa haka?"

"Ina jin taki ce, Iya."

"Za ka dafa?"

Na ce mata ban sani ba ko na tuna ne, ko kuwa tsabar son in tuna ne ya ƙera mini ita. Gonaki bakwai ne a garin suke taɓa ruwa.

Ta ci gaba da tsinka. Ta ce, "To riƙe abarka. Ban taɓa so ka rantse a kan abin da ba ka sani ba, ranar ma ban ji haushin wannan ba." Ta jefar da wanda ke hannunta. "Ranar kasuwa ce take ci mini rai. Na tambaye ka, tsohon yana da rai. Da ka zo da ya faɗa maka sau goma, ya zage ka sau goma. Ba abin da yake so a duniya kamar a tambaye shi gona."

Can ƙasa maƙwabcin ya ɗaga hannu, alamar ya gama. Ta ce tunda na zo in kama mata tiyo, bayanta yana ciwo. Na naɗe wandona na ja shi ta cikin kunyoyin mutumin ina lura kada in taka masa shuka, na haɗa a bakin injin, na dawo na tsaya kusa da ita. Rana tana tsakiyar kai. Muka tsaya muna kallon bakin tiyon, muna jiran ruwan ya hauro.